Littattafan Mariana a Kwalayen Turare

Nafisa, maimaita abin da kika faɗa ɗazu, kowa ya ji. Wai aikina ba komai ba ne illa zama cikin sanyin esi, a yi magana da Sifaniyanci in mayar da ita Turanci, wata ya ƙare in karɓi albashi. Lallai yarinyar nan! To gyara zama. Bar kofin shayinki a kan kwalin da kika ɗora shi, za mu zo kansa. Ku ma sauran ku kife wayoyin nan, jirgin metro ba zai gudu ya bar ku ba. Yau sai kun ji yadda malamar aji ta tsinci kanta a bayan teburin gwamnati a Dubai, kuma wallahi ba iya yare ne ya kai ni can ba.

Yaren dai a Malabo na same shi, a tsibirin nan da tsofaffinmu ke kira Panya. Can aka haife ni, Baba yana sayar da yadi, kuma makarantar can da Sifaniyanci ake yin ta. Ina shekara goma sha uku muka tattaro muka dawo Kano, babu takardar shaida ko guda. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya yi mini tambaya da Turanci ban fahimta ba, sai ya mayar da ni baya aji biyu. Littattafan rubutuna da na taho da su kuwa, tun satin farko Inna ta kwashe ta ba Tabawa mai ƙosan ƙofar gidanmu, don a ganinta rubutun wani yare ba shi da amfani a Fagge. Wata uku ana cin ƙosai a layinmu cikin lissafina. Ni kuma ina zaune cikin ƙannen bayana, gwiwata tana dukan tebur.

Da na zama malama, shekara goma sha huɗu na yi a wata makarantar 'yan mata a Kano. Shugabarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini abin da ba a koyarwa a kwaleji. Ranar da na fara ta hana ni shiga aji, ta zube mini littattafan rubutun ɗalibai a gaba ta ce, "Karanta waɗannan tukuna, sannan ki je ki ga masu su." Ta nuna mini yadda ake bin kwanan wata a saman shafi a gane wadda ke fashi ranar kasuwa. Ta nuna mini inda rubutu ke matsewa idan littafi ya kusa cika kuma gidan babu halin sabo, da tabon manja a gefen takarda, wanda ke gaya maka yarinyar a bakin murhu take aikin gida. Kafin sati ya zagayo na san yaran nan ciki da bai, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

A 2016 wata makarantar kuɗi a nan ta nemi mai koyar da Sifaniyanci, na zo. Na sauka a unguwar Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da wata nas 'yar Zariya. Wata Asabar na shiga wani shagon gyaran gashi a unguwar Abu Hail in tambayi hanya, sai na ji mata biyu suna yaba atamfata da yarensu, ɗaya tana cewa ko nawa za a ɗinka mata irinta. Na juya na ce mata da Sifaniyanci, "In kina so in kai ki wajen telana." Kai, zo ku ga ihu! Ɗaya ta saki almakashi, ɗaya ta rungume ni tana sumbatar kumatuna, ni kuma ina ta riƙe mayafi kar ya faɗi. Mai shagon ta fito daga ciki, wata gajeriyar tsohuwa 'yar Kolombiya, Doña Amparo. Ta tambayi aikina, na ce malama. Ta ce, "Profe, Allah ne ya aiko ki. Zauna." Profe shi ne malama a bakinsu, kuma daga ranar sunan ya bi ni.

Doña Amparo ta fi shekara ashirin a ƙasar nan, kuma duk ɗan Latin Amurka da takarda ta sha wa kai, shagonta yake nufa. Masu dafa abinci a otal, masu kiɗa a gidajen cin abinci, masu kula da dawakai 'yan Ajantina, matan shagunan gashi, duk da ledar takardunsu a hammata. Ta san biza, ta san haya, amma takardun makaranta sun fi ƙarfinta, shi ya sa ta kama ni. Shekara uku ina ɗaukar mata jaka bayan an tashi daga makaranta da ranakun Asabar. A ofishin farko da muka shiga na ɗaga murya, domin na ga gaskiya a hannunmu take. Ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin tebur har sai da na ga taurari. Da muka fito ta ce, "Mutumin nan gobe ma shi za ki tarar a kujerar. Kina so ya tuna ki da me?" Tun daga nan nake gaida mai gadi kafin in gaida manaja.

Ita ta hana ni karɓar takarda a tsaye. Sai ki je gidan, ki zauna, a dafa gahawa, a kawo miki arepa, wata waina ce ta masara, ki tambayi kaka da ke can gida da ciwon ƙafarta. Mutanen nan kamar mu suke, ba a faɗa musu magana ba gaisuwa. Sai a kofi na biyu uwar za ta gaya miki cewa yaron ya taɓa maimaita aji, abin da ba ta rubuta a fom ba, kuma shi ne zai kayar da ku a ofis in ba ki sani ba.

Kayan aikin ga su can a jakar da ke rataye. Fayil mai aljihunan leda, kwafi uku na kowace takarda, jan biro, abin maƙala takardu, dabino saboda layi, da takalmi maras tsini. Amma sarkin kayan aiki a wancan lokacin ba a jakata yake ba, shi ne hatimi. Kafin a karɓi yaro a aji daidai da shekarunsa, sai takardarsa ta sha hatimin makarantar da ya baro, da na ma'aikatun ƙasarsu, da na ofishin jakadanci, sannan a fassara, a sake bugawa a nan. Na haddace jerin nan kamar karatun allo. In faɗa muku gaskiya, cikin shekarun nan na zama baiwar hatimi. In aka miƙo mini takarda, ƙasanta nake fara dubawa. Abin da shugabarmu ta koya mini a Kano na ajiye shi can gefe, na manta da shi.

Sai shekarar korona ta zo. Ku da kuka zo bayanta ba ku ga Dubai a rufe ba. Otal-otal suka sallami ma'aikata, kasuwar Naif da ba a iya wucewa sai da kafaɗa ta koma shiru, 'yan kasuwarmu da suka zo sayayyar sati biyu suka maƙale wata da watanni. Doña Amparo ta je Kolombiya ganin jikoki, aka rufe hanya tana can. Ta turo mini saƙon murya ta ce, "Profe, jakar taki ce yanzu." Da rana ina koyarwa ta kwamfuta, da yamma wayata tana ruri kamar za ta fashe.

A cikin masu kiran akwai Yolanda, 'yar Venezuela, mai aiki a shagon Doña Amparo. Mijinta kuku ne a otal, kuma sun samu sun kawo 'yarsu Mariana ana saura 'yan makonni a kulle gari. Shekarunta goma sha shida, ta gama daidai da aji goma na nan, saura mata biyu. Amma takardarta fara ce fat a ƙasa, babu hatimi ko ɗaya, domin ofisoshin ƙasarsu tun kafin cutar ma sai a hankali, balle da aka rufe. Makarantar da za ta ɗauke ta ta ce ba tare da hatimi ba sai dai aji tara. Mariana ta ce mini a waya, "Profe, ni ba zan zauna da yara ba. Gara in koyi gyaran farce wajen Mama, khalas, shi ke nan." Na san ba barazana take ba. Ni na zauna a irin wannan kujerar, na san yadda take.

Ana cikin haka aka sallami uban, dole suka bar gidansu suka koma ɗaki guda a Abu Hail. Na je taya su kwashe kaya. Yolanda ta nuna wani kwali da ƙafa ta ce tsofaffin takardu ne na yarinyar, babu wurin ajiye su. Ni kuma a ranar na ga Alhaji Sabo ya yi cigiya a zaurenmu na Hausawa a waya, yana neman tsofaffin takardu. Alhaji Sabo abokin yayana ne tun a Fagge, turare yake saya a Naif yana aikawa Kano, kuma ledar da yake naɗe kwalabe ta yanke masa. Ko buɗe kwalin ban yi ba! Na ce, "Kawo, na san mai so." Ni da kaina na ɗora shi a tasi na kai masa, har yana sa mini albarka.

Bayan kamar sati uku, wata Alhamis, amsar ƙorafin da na rubuta wa ofishin ilimi ta zo. Sun ce kwamiti zai saurare mu ranar Lahadi da ƙarfe goma sha ɗaya, mu zo da duk wata hujja da ke nuna yarinyar ta yi karatun aji goma. Na kira Mariana na ce ta tuno, ko katin jarrabawa, ko hoto, ko me. Ta ce, "Babu komai, Profe, sai littattafan rubutuna. Na shekarar duka na taho da su, na bar takalmana don su samu wuri a akwati. Mama ta ce ke kika tafi da su."

Innalillahi! Ni Rakiya, da aka ci ƙosai a littattafaina, ni ce na ɗauki na 'yar mutane na kai wa mai turare. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya kama ni, na zari mayafi ko takunkumi na manta sai da na dawo daga bakin lifta.

Na tarar da Alhaji Sabo a sitonsa, cikin wani lungu a Naif, zafin watan Agusta kamar a tanda. Kwalaye jere har rufi, an ɗaure an rubuta suna.

"Yaya Sabo, takardun nan da na kawo maka, suna ina?"

"A'a, Malama, ko gaisuwa babu? Ai sun yi amfani, Allah ya saka. Takarda mai kauri, ba irin jarida ba."

"Suna ina?"

Ya nuna kwalayen da haɓa. "Jibi Asabar da la'asar za a loda kwantena."

Na zayyana masa komai a tsaye. Ya cire hula ya share zufa, ya dubi kwalayen, ya dube ni. Ya ce, "Malama, kin san kwana nawa muka yi muna ɗaure kayan nan?" Na ce ban sani ba, amma na san shekara biyu ta 'yar mutane tana ciki. Sai ya ce, "Ni ma tawa Hafsa ajinta ke nan." Ya leƙa waje ya ƙwala kira, "Isuhu! Malam Bala! Yalla, maza ku zo da reza!"

Ranar Juma'a tun da hantsi muka buɗe aiki. 'Yan kasuwar da suka maƙale, waɗanda zaman banza ya ishe su, suka cika lungun, kowa da takunkumi, ana ba da tazara iya yadda lungun ya yarda. Wannan ya yanka kwali, wancan ya zaro kwalba, a warware takardar a miƙo, a sake naɗe kwalbar da tsohuwar jarida. An yayyage shafukan ɗaya-ɗaya, kowane ya dunƙule kamar an tauna. Yolanda ta zo da dutsen gugarta, ta shimfiɗa tawul a kan wani kwali tana goge su a hankali. Isuhu, mutumin Maraɗi, ya ɗaga wani shafi ya ce, "Ai watannin nan kusan irin na Faransanci ne, ku bar mini jerawa." Ya zauna dirshan ya kasa su wata-wata. Mariana kuma tana raba su darasi-darasi, tana cewa wannan kimiyya, wannan tarihi. Duk wanda ya ci karo da shafi mai jan maki sai ya ɗaga sama ya ce, "Ashirin bisa ashirin!" don haka ake ba da maki a ƙasarsu, sai lungu ya ɗauki shewa. Aka tafi sallah aka dawo aka ci gaba. Wani dattijo da ko sunan ƙasar yarinyar bai iya faɗa ba ya sayo mata ruwan sanyi ya ce, "Sha, 'yata, ai kin yi ƙoƙari."

Ina zaune ina jera shafukan cikin aljihunan leda, sai idona ya dawo irin na da. Ga kwanan wata a saman kowane shafi. Ga sa hannun malamarta da jan biro duk ƙarshen mako, hannu ɗaya tun farkon shekara, da ɗan ƙaramin hatiminta na roba. Ga ɗigon kyandir a shafuka da yawa. Na tambayi Mariana, ta ce wuta ce ba sa samu. Ga inda littafi ya cika ta koma rubutu a bangonsa. Na ce a raina, Rakiya, ga shaidar da ta fi hatimi bakwai, kika bayar a naɗe kwalba.

Ranar Asabar da azahar Isuhu ya ce, "Malama, akwai rami." Lissafi na wata biyu babu shi, daga tsakiyar zango na biyu. Kuma lissafi ne abin da kwamiti zai fi dubawa. Muka sake zazzage kwalayen, babu. Sai Alhaji Sabo ya dafe kai. "Kash! Kwali biyu na aika da su ta jirgin sama tun makon jiya. Suna Kano."

Mariana ta zauna a kan kwali ta rufe fuska. Alhaji Sabo kuwa ya riga ya danna waya. "Auwalu! Kana shago? Kayan nan da suka iso, takardun da aka naɗe su, kar ka yar da ko ɗaya. Eh, takardun! A'a, ban haukace ba. Wanda ka riga ka sayar, bi shi ka karɓo takardar, ka ce ni na ce." Muna jin ƙaninsa yana cewa, "Yaya, wai takardar ta fi turaren ne?" Ya ce, "Yau dai ta fi shi."

Ranar Lahadi muna cikin metro hotuna suka fara shigowa. Ƙit, ƙit, ƙit, wayata ba ta huta ba. Auwalu ya shimfiɗa kowane shafi a kan kanta, ya danne gefe da kwalba, ya ɗauka. Wani hoton har da babban yatsansa. Na ƙarshe ya zo da saƙon murya: "Malama, a yi haƙuri da wannan, a wajen mai tsire na ƙwato shi." Ga maiƙo ga yaji a kan alwatika! Ni da Yolanda muka yi ta dariya har mutane suna kallonmu. Muna sauka na shiga shagon buga takardu aka fitar mini da su.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata 'yar ƙasa, Ustaza Mauza. Ina buɗe fayil ɗakin ya gauraye da ƙamshin turaren oud, har ta cikin takunkumi. Ta ɗaga gira ta ce, "Ustaza, hujja muka ce, ko kantin turare?" Na ce, "Duka biyun ne, ranki ya daɗe, ki ba ni minti goma." Ɗaya daga cikin mazan ya ce, da gaskiyarsa, littafin rubutu kowa zai iya zama ya cika shi cikin sati. Na ce haka ne, amma a duba. Daga nan na daina tafinta, na koma malama. Na nuna musu yadda biro ke ƙarewa a canza wani a tsakiyar jimla. Na nuna kuskuren da ta yi a farkon shekara, malama ta gyara, ta sake yi, aka sake gyarawa, sai a wata na uku ya ɓace. Na ce wanda ya zauna ƙirƙira ba ya ƙirƙiro wa kansa kuskure ya yi wata uku yana fama da shi. Na nuna kyandir, na nuna sa hannun malamar. Na jera manhajar aji goma ta nan a gefe, babi da babi, kowanne da shafinsa.

Ustaza Mauza ta jawo hoton mai maiƙon tsire. Ta ce, "Wannan fa?" Na gaya mata gaskiya tun daga kwalin har Kano, ban rage laifina ba. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ashe malamar lissafi ce kafin ta hau kujerar. Ta tashi ta kwafe tambayar a allo, ta canza lambobin, ta miƙa wa Mariana alƙalami. "Yalla, habibti. Shwaiya shwaiya," wato taho 'yata, a hankali a hankali.

Yarinyar ta fara rubutu, layin farko ya karkace. Ta tsaya. Yolanda ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ni kuma an hana ni cewa uffan, addu'a kawai nake a ciki. Sai Mariana ta goge, ta koma can saman allon ta rubuta kwanan watan ranar, kamar yadda ta saba a littafinta, ta ja layi a ƙasa. Ta sake farawa. Ta gangaro da lissafin tiryan-tiryan har ƙasa, ta zagaye amsa. Ustaza Mauza ta ba ta wani, ta yi. Ta ba ta na uku wanda babu shi a shafukan, ta yi rabi ta ce nan ba a koya musu ba. Ustaza ta ce, "Daidai, wannan na aji sha ɗaya ne. Can za ki koye shi. Khalas." Aka rubuta a ɗauke ta aji sha ɗaya, hatimi ya biyo baya idan ofisoshi sun buɗe.

A bakin titi Yolanda ta rungume ni tana kuka tana dariya. Na kira Naif, Alhaji Sabo ya sa wayar a sifika, na ji lungu ya kaure da kabbara. Da yamma na kira Inna a Kano ina ba ta labari, ina ta zuba. Can ta ce, "Rakiya, da na sani da ban ba Tabawa naki ba." Fiye da shekara talatin ba mu taɓa tayar da maganar ba, na ɗauka ta manta. Na ce, "Inna, ai ni ma na ba mai turare." Muka yi dariya, amma sai da na share hawaye.

Bayan wata biyu Ustaza Mauza ta kira ni. Ta ce yara irin Mariana sun taru a teburinta, daga ƙasashe daban-daban, ko zan rubuta musu yadda ake karanta littafin rubutu a matsayin shaida? Na rubuta shafi shida, rabinsa maganar shugabarmu ce ta Kano. Suka gwada, suka sake kirana, na zauna da su sau da yawa. A farkon 2021 aka ba ni kujera a ofishin, jami'ar hulɗa da iyaye, masu Sifaniyanci kuma duk ta teburina suke bi. Barin aji ya yi mini wuya, har na kira Doña Amparo, wadda ta dawo a lokacin. Ta ce, "Shekara nawa muna layi a gaban tagar nan? Yanzu an ce ki shiga ta ciki kina yi mini shawara? Tafi, kuma ki riƙa gaida mai gadi."

Kada ku ɗauka daga ciki sauƙi ne. A watan farko wani uba ya kawo mini littattafai tsaf-tsaf, biro ɗaya daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko guda. Ɗan Latin ne, abokin mutanena, ya sha gahawa da ni. Na ce masa a'a. Sati biyu wasu ba sa amsa gaisuwata a Abu Hail. Amma da na karɓa, da na kashe hanyar ga duk yaron da zai zo da na gaskiya. Na zaunar da shi, muka nemo wa ɗan nasa gwaji, aka sa shi inda ya dace.

Mariana kuwa, ƙarshen shekarar karatu sai ga ta a ofis, an ba ta lamba ta bi layi kamar kowa. Ta dire mini kwali a tebur, ɗaure da igiya. Ta ci jarrabawa, za ta aji sha biyu. Ta ce, "Littattafan bana ne, Profe, da na bara da aka goge da dutsen guga. Ɗakinmu har yanzu babu wuri. Ki ajiye mini. Na duba duk Dubai, ke kaɗai ce na tabbata ba za ki sake ba mai turare ba."

To, Nafisa, sunkuya ki shinshina kwalin nan da kika mayar teburin shayi. Kin ji oud? Ɗauke kofinki daga kai, 'yar nan, ki goge wurin da gefen mayafinki. Amana ce, mai shi za ta zo karɓa.